Abu Uku a Bangon Zaure

Ranar da aka ba mu dogon hutu
na ɗauke guntun alli daga teburin Malam Barde.
Na iso gida Kumo, ƙafata duk taɓo,
na tsaya a zaure na rubuta abu uku:

In gama littafin lissafi, babi tara.
In tara dubu shida a asusu, kuɗin jarrabawa.
In iya tsayuwa gaban mutane in yi magana
ba tare da harshena ya sarƙe ba
kamar zaren Goggo in kyanwa ta same shi.

Makon farko, ni nake tashin zakara.
Babi ɗaya, babi biyu, har na fara raina littafin.
La'asar ina bakin tasha ina gasa masara,
hayaƙi a ido, fifita a hannu,
ɗari-ɗari tana gangarawa cikin asusu.

Mako na uku na huce
kamar kunun da aka manta a kan dakali.
Babi na huɗu ya rufe ƙofa ya sa sakata.
Su Yawale na kira ta kan katanga:
"Fito mana, an hura ƙwallo!"
Na ce wa littafi gobe.
Gobe ta zo, na ce masa jibi.
Ruwa ya kwana yana zuba, zaure ya yi yoyo,
ya bi bango ya lashe rabin rubutuna.
Da safe na duba, kunya ta hana in faɗa,
amma daɗi na ji.

Baffa Manu ya ga bangon, bai ce uffan ba.
Fartanya ya miƙo mini,
muka kama hanyar Pindiga, raɓa tana jiƙa wando.
Na hango ƙarshen gona, gwiwata ta yi sanyi.
Ya ce, "Kai, wa ya aike ka duban can?
Kunyar da ke ƙarƙashin ƙafarka, ita ce taka.
In ka kai ta, ta kusa da ita za ta kira ka."

Muka duƙa.
Ban san lokacin da rana ta take tsaka ba.
Na waiga, ciyawa kwance a bayana har bakin tsamiya,
tafina ya yi kanta biyu.

Daren nan ban ce babi ba, na ce shafi.
Shafi ɗaya kafin tuwo, ko ana ha-maza-ha-mata.
Wani ya tafi sumul,
wani sai da na jiƙa shi da hawaye,
wani na kai wa Talatu, 'yar maƙwabtanmu,
ta warware shi tana tsintar shinkafa,
ta yi mini dariya, na shanye.

Maganar kuwa, dawa na yi wa.
Tana tsaye sahu-sahu kamar 'yan ajinmu,
ba ta ƙyafta ido, ba ta toshe baki.
Na ce, "Sha-sha-shugaba, alƙalai,"
iska ta kaɗa, duk suka gyaɗa kai.
Na sake. Na sake.
Wani makiyayi ya tsaya da sandarsa a wuya,
ya ji ni har ƙarshe,
ya ce, "Madalla," ya kora shanunsa.

Yau saura kwana biyu a koma.
Babi bakwai na gama, biyu na harara ta.
Na fasa asusu: dubu huɗu da ɗari bakwai,
da wata hamsin da gara ta ci wa kunne.
Na uku ban san matsayinsa ba,
dawa ba ta ba da maki.
Sai Litinin, in an buga ƙararrawa.

Allin ya rage kamar ƙwayar gyaɗa.
Na nemi inda yoyo ba ya kaiwa,
can sama, kusa da gidan zanzaro,
na yi ɗage na rubuta: shafi na gaba.